Zabirar Mai Gishirin Foga

Jikana mai kai albasa kasuwannin bakin iyaka ya shigo min nan Gwadangaji kwanan baya yana ta washe baki, kai ka ce kujerar Makka aka ba shi. Na ce lafiya? Ya ce, "Kaka, yau da sefa anka biya ni." Ya zaro takardun ya shimfiɗa a kan tabarmata yana shafa su da tafin hannu. Wallahi dariya na yi har tari ya sarƙe ni. Sefa! Kuɗin da a gidanmu na Argungu in baƙo ya miƙo, babana yake kau da kai ya ce a je a canzo tukuna. Yaron ya ce min yanzu sefa ɗaya ta fi naira ɗaya, kuma mutanen Nijar in ka ba su naira sai sun yatsina fuska kafin su karɓa. Ni kuwa da idona na ga zamanin da naira guda take kwaso sefa ɗaruruwa, mutanen can suna bin ta kamar me. Na tambaye shi wa ya juya abin, ya ce dala ce ta Amurka. Na ce to ita dalar wa ya aike ta tsakaninmu da maƙwabtanmu? Ya tattara kuɗinsa ya ce shi dai albasa ya sani.

Ni tun ina yarinya nake da wannan ciwo na son sanin abin da ya sa kuɗi suke kuɗi. Na taso a kan kwabo mai huji, wanda Inna take zurawa a zare ta ɗaura a ƙugu, in tana tafiya kana jin ƙararsa kafin ka gan ta. Akwai anini, akwai taro, akwai sisi, akwai sule, sai fam wanda mu yara sunansa kawai muke ji. Kakata kuma tana da wata ƙwarya cike da wuri a ƙarƙashin gado, tana ba mu muna wasa da shi. Ta ce a ƙuruciyarta da shi ake sayen hatsi da zane, har da aure. Na ce mata to me ya same shi, ruɓewa ya yi? Ta ce a'a, ga shi nan garau, mutane ne suka daina karɓa. Na ce don me suka daina? Ta ce, "Ke dai kin cika bin diddigi, tashi ki ba awaki ruwa." Haka aka yi ta korata da wannan tambaya har na yi furfura. Da naira ta shigo ina budurwa, aka ce sule goma ya zama naira ɗaya, fam guda naira biyu, tsofaffi suka ƙi sakin bakinsu. Babana har ya koma ga Allah da fam yake ciniki, mai saye ya juya da kansa.

Babana fatoma ne, wato mai saukar da fatake. Gidanmu yana da babban zaure da ɗakunan baƙi a jere, da turakun jakai a bayan katanga. In rani ya yi, ba ka jin komai sai kukan jakai da luguden turmi da harsuna iri-iri, wannan Zabarmanci, wancan Fulatanci, wani Hausar da sai ka karkata kunne. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa. Da sassafe mu ɗebo ruwa, mu taya Inna turara shinkafa mu shanya, da rana mu tuƙa tuwon da zai ishi mutanen da ba mu san adadinsu ba sai sun zauna. Warin banda daga gidajen masunta ya shiga zannuwanmu har mun daina jin sa. Baƙo in ya sauka, babana ne zai nemo masa mai saye, ya tsaya a yi ciniki, ya tabbatar an biya shi da kuɗi masu kyau. Yanzu ina ganin yara suna ciniki da mutumin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, waya ta yi ƙara su ce kuɗi sun shigo. Shigo ina? Na leƙa wayar ban ga komai ba sai rubutu.

Abin da ya fi ɗaga sunan babana shi ne ajiya. Baƙo zai zuba kuɗinsa a zabira ko tsumma, ya ɗaure da hannunsa, ya yi irin nasa ƙullin, ya miƙa. Babana ba ya tambayar nawa ne, ba ya tambayar na mene ne. Zai sa a wata adaka ta ƙarfe a ɗakinsa ya kulle. Ko shekara nawa mutum ya yi, in ya dawo, ƙullinsa zai fara dubawa, in ya gan shi yadda ya bar shi, magana ta ƙare. Ba takarda, ba shaida, ƙullin nan shi ne komai. Babana yakan ce shi bai san cikin ajiya ba, bayanta ya sani. Tun daga kan kakansa ba a taɓa kwance ƙullin baƙo a gidanmu ba, kuma har can cikin Nijar an san haka.

A cikin baƙinmu akwai wani Bazabarme, Baba Hamani, dogo baƙi mai yawan dariya, wanda yake kawo gishirin Foga, can cikin Nijar, a kan jakai, a naɗe cikin kaba. Shi da babana sun wuce baƙo da mai masauki, sun zama aminai. Kwano ɗaya suke ci, kuma ba sa gama ci ba su yi faɗa a kan kuɗi ba. Babana ya ce sefa ganye ce, sai ka cika buhu kafin ka sayi akuya. Baba Hamani ya ce tasu ko ganye ce tana da uba a ƙasar Faransa mai tsaya mata, naira kuwa marainiya ce mai ƙiba. Mu muna bayan zana muna dariya, musamman da yake Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ni ma "kai yaro" yake ce min. Amma duk tsiyar da yake yi wa naira, ita yake tarawa. Kowace zuwa in ya sayar da gishiri, sai ya karɓi zabirarsa ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya ƙara abin da ya ƙara, ya ɗaure da igiyar fata ya dawo wa babana da ita. Ni da bin diddigina na taɓa tare shi na ce don me ba ya tafiya da kuɗinsa gida. Ya ce a gida hannuwa sun yi yawa, kuma in shekara ta ɓaci a wajensu, nan ake zuwa sayen hatsi, hatsin nan kuwa naira yake ji.

An yi min aure an kawo ni Birnin Kebbi, gidan malamai. Surukina babban malami ne, mijina kuma yana ɗan kasuwancin yadi. Ina da 'ya'ya uku lokacin da abin ya faru, zamanin mulkin soja ne, ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Maƙwabciyata Maman Ladi, Kirista ce daga Filato, mijinta yana aiki a banki, ita ta leƙo ta katanga da hantsi ta ce, "Amarya, kin ji rediyo?" Har na tsufa Amarya take ce min. Na ce ban ji ba. Ta ce gwamnati ta canza launin kuɗi, hotunan suna nan amma kalar kowace takarda ta sauya, an ba da kwanakin da ba su kai sati biyu ba kowa ya kai tsofaffi banki, bayan nan sun zama takardar banza. Kuma an rufe iyaka ruf, don kada nairar da ke waje ta shigo. Na ce ikon Allah, yanzu kala ce kuɗi? Ta ce, "Ke dai in kina da na ƙarƙashin katifa ki fito da su." Ni ba ni da na ƙarƙashin katifa. Amma ina tsaye da muciya a hannu sai adakar babana ta faɗo min a rai. Baba Hamani bai fi wata guda da komawa gida ba, kuma ba shi da hanyar dawowa.

Washegari na roƙi mijina ya bar ni, na goya ƙaramin na hau motar kasuwa. Muna wuce fadamar Zauro kowa a motar maganar kuɗi yake, wata tsohuwa ta rungume tukunya a cinya ta ƙi yarda a ɗora mata a sama. Na isa Argungu na tarar da babana a zaure yana gyaran igiyar guga hankali kwance. Sauran masu ajiya duk 'yan ƙasa ne, sun zo sun karɓi abinsu. Zabira ɗaya ta rage.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, zabirar Baba Hamani fa?"

Ya ce, "Tana nan lahiya lau."

Na ce, "Ai ba lafiya ba, Baba. Naira ce a ciki, kowa ya sani. In kwanakin nan sunka cika, ta mutu."

Ya ce, "Ni ban san abin da ke ciki ba."

"Baba, ka sani mana!"

Ya ɗago ya dube ni. "Ban gani ba. Abin da anka ba ni ƙulli ne, ƙulli zan mayar. Ba ni kwance ɗaurin mutum ba shi nan."

Na shiga wajen Inna ina huci. Ta ce kada in wahalar da kaina, ita ta yi magana har bakinta ya gaji, ya ce mata in gwamnati ta kashe kuɗin mutum, tsakaninta da Allah, amma in shi ya kwance, tsakaninsa da Hamani ne. Ta ce amma in lura, kwana biyu ke nan ba ya cin abincin kirki. Wannan ya nuna min abin yana cin sa. Na koma na durƙusa na ce to ba na ce ya kwance ba, amma tunda Allah ya haɗa shi surukuta da malami, ya zo mu je ya ji abin da littafi ya ce. Har na cire rai, sai ya ce in gaya wa Inna ta fito masa da babbar rigarsa.

Haka muka taho Birnin Kebbi, zabirar tana rataye a wuyansa cikin riga, hannunsa a kanta tun daga tasha har gida. Suka zauna da Malam a zaure, mijina yana gefe. Ni kuwa matar ɗa ba ta zama gaban suruki, balle ta sa baki, sai na tsaya bayan ƙyaure da kwanon fura a hannu kamar mai jiran a karɓa. Babana ya zayyana komai. Malam ya saurara, sannan ya ce, "Fatoma, in mutum ya bar maka jaki a turke, wuta ta kama rumfar, kana barin shi ɗaure don ba kai ka ɗaure shi ba?" Babana ya ce, "Malam, jaki yana kuka in ji. Wagga ba ta ce min komi ba." Malam ya yi murmushi ya ce abin da aka ba shi tsaro dukiya ce, igiya rakiya ta yi, kuma shari'a ta yarda ya kwance gaban shaidu don ya tsirar da ita, har ma in ya bari ta halaka yana iya tsirarwa, akwai magana a kansa. Ya kawo misalai daga littattafai. Babana yana ta gyaɗa kai, na ce alhamdulillahi. Sai na ji ya ce, "Na ji, Malam, Allah shi ƙara sani. Amma in na kwance yau, gobe wa zai kawo ajiya gidan da ake kwancewa? Tun kakana ba a yi ba, ba a farawa ga kaina."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Daga bayan ƙyauren na ce, "Baba, to sunanka kake tsaro ko kuɗin mutum?"

Mijina ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ni kaina ban taɓa yi wa babana irin wannan magana ba ko a ɗaki, balle gaban surukina. Amma ko yau aka mayar da ni bayan ƙyauren nan sai na sake faɗa. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Wane ne nan?" alhali ya san ko wace ce. Babana ya ce, "Ɗiyata ce, Malam. Tun tana ƙarama haka take." Ya daɗe yana kallon zabirar a gabansa. Sannan ya ce a kira wani ya zama shaida na uku, wanda ba dangi ba. Mijina ya fita ya dawo da Baban Ladi, mutumin bankin, wanda ya dawo cin abincin rana.

Ƙullin nan ya ƙi kwantuwa. Igiyar fata ce ta sha zufa ta bushe. Malam ya miƙo 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita, babana ya ce a'a, ba za a yanka ba. Sai da na aika da basilla daga cikin gida, ya yi ta sa bakinta yana ɗagawa a hankali, zufa tana ɗiga daga gemunsa, har igiyar ta saki. Da ya zazzage, sai warin gishiri da fata ya tashi. Takardu ne a nannaɗe, kowace shekara da naɗinta, wasu sun yi laushi kamar tsumma. Babana ya juya fuska bango, ya ce su ƙirga su uku, shi ba ya kallo. Baban Ladi ya ce an yi sa'a, ba su haura iyakar abin da aka yarda mutum ɗaya ya canza hannu da hannu ba. Ya ce babana ya je banki da an sallame asuba, ya nuna masa ƙofar da layi yake farawa, amma ya ce shi ba shi da ikon tsallakar da kowa.

Layin nan ba zan manta da shi ba, don ni nake kai masa ruwa da fura. Ya miƙe ya zagaye kwana, Fulani da sandunansu, mata masu sayar da shinkafar gumi da kuɗinsu a ƙullin zane, 'yan kasuwa, ga sojoji suna kai da kawo. Wasu sun kwana a wurin. Sai a ce sababbin sun ƙare a dawo gobe. Tsoho mai shekarun babana, wanda a garinsu in ya shigo kasuwa ake tashi a ba shi wuri, yana tsaye cikin rana da zabirar wani a ƙirji. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma bai yi min magana ba in ban da "ajiye nan". Ana gab da rufewa Allah ya sa ya samu shiga. Da ya fito na roƙe shi ya nuna min sababbin. Na juya su gaba da baya, mutanen da ke jiki su ne dai, rubutun shi ne, kala kawai aka musanya. Na tambayi Baban Ladi, yanzu tsakani da Allah me ya bambanta wannan da ta jiya? Ya ce wannan gwamnati ta ce a karɓa, waccan ta ce a daina. Na ce to in gobe ta sake cewa fa? Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ki bar ni in ci abincina." Babana ya mayar da kuɗin zabira, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon ƙullin Baba Hamani ya kasa, sai ya yi nasa irin na ɗaurin guga.

Daminar shekarar ba ta yi ba. A nan ma an ji jiki, amma fadama ta rufa mana asiri. Can Nijar kuwa labarin da ke zuwa ba daɗi, gero ya bushe a tsaye, dabbobi suna faɗuwa. Iyaka tana rufe, amma mutane suna ratsowa ta daji, mata da yara da 'yan ƙullin kaya. Duk wanda ya sauka Argungu daga wajen Foga, sai babana ya tare shi ya tambaye shi Hamani mai gishiri. Wani ya ce ya san shi, wani ya ce sun tashi daga garinsu. Ya ba da saƙon baki ga masu komawa, a ce masa ajiyarsa tana nan da rai, ya zo ko ya aiko. Bai san ko saƙon ya isa ba. Ba zai kuma ba wani kuɗin ya kai ba, don ba a ba da ajiya sai ga mai ita. Ana cikin haka masu canji suka fara cewa naira tana sauka, abin da take kwasowa na sefa bana bai kai na bara ba. Inna ta ce kullum in ya ji haka sai ya shiga ɗaki ya buɗe adaka ya tsaya yana kallon zabirar. Wannan saukar ita ce ba ta tsaya ba har yau. An yi wata shekara daga baya da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, mutanenmu suka yi ta shewa a kasuwa, ashe ɗan hutu ne naira ta samu, ta ci gaba da gangarawa.

Sai da aka kusa shekara biyu aka buɗe iyaka. Ina Argungu lokacin, na je wankan jego na huɗu. Da la'asar wani saurayi dogo ya yi sallama, ba jaki, ba gishiri, sanda kawai da buta. Tun kafin ya faɗi sunansa Inna ta leƙa ta ce wannan jinin Hamani ne. Sunansa Sumana, babban ɗansa. Babana ya riƙe hannunsa ya tambayi mahaifinsa, yaron ya ce ya rasu a ƙarshen shekarar yunwa, ciwon ciki ne ya same shi ba ƙarfi a jiki. Aka yi salati, aka yi addu'a. Ina jin babana yana jan hanci, abin da ban taɓa ji ba.

Da aka natsu ya shiga ya ɗauko zabirar. Ya ajiye gaban yaron, bai sake ta ba, ya ce, "Kafin ka taɓa, ka ji daga bakina. Wanga ƙulli ba na babanka ba ne, nawa ne. Na kwance. Akwai shaidu uku a Birnin Kebbi, in kana so gobe mu tahi."

Sumana ya dubi ƙullin, ya dubi babana. Ya ce, "An kwance?"

"Na kwance, na canza su. Sababbi ne a ciki."

Yaron ya buɗe da sauri, ya ga takardun, ya ɗaga ɗaya yana juyawa. Sai kawai ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Mun ɗauka kukan murna ne. Babana yana bubbuga bayansa yana cewa ya yi haƙuri, sun ɗan rage daraja amma za su sayi hatsi mai yawa. Da kyar yaron ya ɗago ya yi magana, Hausarsa irin ta ubansa.

Ya ce ranar da suka ji labarin canjin a rediyo, su 'ya'yan sun ce wa babansu ya bari ɗaya ya ratsa daji ya zo. Ya ce kada wanda ya sa kansa a hatsari, kwanakin ba za su isa ba, kuma Fatoma ba ya kwance ƙulli ko da garin zai ƙone. Da yunwa ta yi tsanani suka sake tayar da maganar, suka ce a je a gani ko Allah ya sa an canza. Ya ce shi ya san amininsa, shekara talatin suna cin kwano ɗaya, kuɗin nan sun mutu cikin ɗaurinsu, zuwa ba zai ƙara komai ba sai kunyatar da mutumin kirki. Saƙo bai taɓa iso musu ba, sun bar garinsu sun bi dangi. Suka sayar da jakan ɗaya bayan ɗaya. Da zai rasu ya ce wa Sumana in hanya ta buɗe ya zo ya karɓi zabirar don ya sauke wa Fatoma nauyi, ya yi godiya, kada ya buɗe a gabansa, kada kuma ya bari fuskarsa ta nuna komai.

Babana ya ce, "Haka ya ce? Ba ni kwancewa?"

Sumana ya ce, "Har rantsuwa ya yi. Yana faɗa yana alfahari da kai."

Ina bayan zana da jariri a hannu, na ji hawaye suna zubo min, tausayin su biyun ya kama ni har na rasa wanda na fi ji. Can babana ya ce, a hankali, ba da kowa yake ba, "Ga hatsi cike da kasuwa, ga kuɗinsa cikin adakata. Da ya san ni mai kwancewa ne, da ya zo."

Washegari da kansa ya raka yaron kasuwa suka sayi gero da dawa, ya ƙara masa shinkafa daga rumbunmu, ya nemo motar da za ta kai shi iyaka. Bai daina karɓar ajiya ba, kuma mutane ba su daina kawowa ba. Amma daga ranar, duk baƙon da ya miƙo masa ɗauri, sai ya riƙe hannun mutumin tare da zabirar ya ce, "Tsaya ka ji tukuna. In wani abu ya taso ba ka nan, ni ina kwancewa. In ka koma, ka gaya wa mutanen gidanka haka."